Direbar Jirgi da Muryar Yaya

Shekara takwas ina rubuta wa yayana abin da zai faɗa, kuma ban da Ummanmu da maigidana babu wanda ya sani a Badarawa. Yaya yana da shagon tura fina-finai a waya a bakin titi. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da ya liƙe bangonsa da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai don kada ƙarar titi ta shiga, a nan yake fassara. Turancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Ni ce nake koyar da Turanci a wata firamare a Unguwar Dosa, saboda haka idan sabon fim ya zo sai ya turo mini, in kalla bayan na taso daga makaranta, in rubuta maganar kowa da Hausa a littafi irin na 'yan aji huɗu. Shi kuma ya shiga ɗakin katifu ya ɗora murya.

Ga wanda bai taɓa jin fassarar Yaya ba, shi kaɗai ne kowa a fim. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsoho mai tari. Idan mace ta buɗe baki sai ya matse maƙogwaro ya fitar da wata 'yar siririyar murya kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kuma ba ya barin shiru. Duk inda 'yan fim suka yi shiru, ko kuka suke ko kallon juna, sai ya cike gurbin da barkwanci: ya ce wannan bai karya ba ya fito, waccan tana tunanin miyar da ta bari a wuta. Abin da ya sa ake sonsa ke nan, masu tura fim daga Kawo har Rigachikun nasa suke zuwa karɓa. Ni ma ina dariya. Muryar matan ba ta taɓa damuna ba, don a yawancin fina-finan da muke yi maganar mace ba ta cika shafi guda, rabinta ma ihu ne.

Akwai wani tsohon fim na Turawa da ya zama kamar ɗan gida a wurinmu. Labarin wani direban jirgin ƙasa ne da ya kwashe mutanen garinsu lokacin yaƙi, ya tsallaka da su wata gada da kowa ya ce ba za ta ɗauki jirgi ba. Babanmu mai duba layin dogo ne har ya yi ritaya, yana da kaset ɗin, ya kalle shi har hoton ya fara rawa. Yakan tsayar da shi ya kira mu, ya sa yatsa a gilashin talabijin ya nuna mana ƙafafun jirgin da yadda aka ɗaure taragu. Bayan rasuwarsa wannan fim ne Yaya ya fara fassarawa, shi ya fito da shi a gari. Wannan fim kaɗai ne Yaya bai nemi littafina a kansa ba, don Baba ya riga ya fassara mana shi da baki sau ba adadi.

Wata damina sai aka sake yin fim ɗin. Jirgi yana nan, gada tana nan, amma direban ya zama mace.

Ranar Asabar da la'asar na kai wa Yaya rabin farko na rubutun. Na tarar da masu zaman bencin ƙofar shago sun kaure da gardama, sai na tsaya gefe kamar mai jiran a tura mata fim. Wani mai gyaran babur yana cewa Turawa labari ya ƙare musu, sai su ɗauko tsoho su ɗaura masa ɗankwali su ce sabo ne. Telan da ke maƙwabtaka da shagon ya ce shi dai in fim ya yi daɗi ko akuya ce ke tuƙin zai kalla. Mai gyaran babur ya ce ai ba maganar daɗi ba ce, so ake a saba wa matanmu da ganin namiji a baya yana riƙe jaka. Aka yi dariya, aka juya wajen Yaya don jin ta bakinsa.

"Ku dai ku jira," in ji shi. "In na gama da ita, ko keken ɗinki ba za ta sake tuƙawa ba."

Na miƙa masa littafin a cikin leda na tafi. Ban ɗauki maganar da zafi ba. In zan faɗi gaskiya, sabon fim ɗin bai kai tsohon ba a wurare da yawa. An cika shi da fashe-fashe, an kuma mai da mazan ciki kusan duk wawaye don matar ta fito, abin da ya ba ni haushi ni ma. Amma ita matar ta kama ni. Ba ta da yawan magana, hannuwanta duk baƙin mai, tana da tabo a goshi, kuma tsoro take ji ƙarara tana aikinta a haka. Na zauna a kan maganganunta fiye da yadda na taɓa zama a kan na wani, ina gogewa ina sakewa.

Bayan kwana uku ya turo mini abin da ya ɗauka in ji. Ina wanke-wanke na kunna. Da matar ta fara magana da muryar kyanwar nan na yi tsaki kawai, na saba. Sai aka zo inda take tsaye gaban dattawan gari tana gaya musu gadar za ta ɗauka in an rage kaya. Na san abin da na rubuta a wurin, kalma da kalma. Abin da na ji a wayar shi ne: "Ku yi haƙuri iyayena, bari in je in tambayo maigida wanne ne birki."

Na tsame hannuna daga ruwan kumfa. Na mayar da shi baya na sake ji. Ba barkwanci ya ƙara a gurbin shiru ba, kamar yadda ya saba. Maganata ya cire ya sa tasa a bakinta, daga farko har inda ya tsaya. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba, na ɗaura ɗankwali na nufi shago.

Na same shi a ɗakin katifu, na rufe ƙofa.

"Yaya, wannan ba fassara ba ce."

"To mece ce?"

"Ƙarya ce. Ba ta faɗi haka ba."

"Su da suka yi fim ɗin gaskiya suka faɗa? Mutum ya tuƙa jirginsa shekara da shekaru, rana ɗaya a cire shi a sa mace, a ce mana haka labarin yake?" Ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ajiye da ƙarfi. "Ke ba ki ji komai ba da kika gani? Fim ɗin Baba ne fa."

Nan na gane inda abin yake masa ciwo, kuma sanin bai rage mini fushi ba. Na ce masa in yana ganin an zagi Baba ya ƙi fassarawa, babu mai tilasta shi. Amma ya ɗauki rubutuna ya mai da mace abin dariya don 'yan benci su tafa masa, wannan ban yarda ba. Ya ce rubutun nawa in ba da muryarsa ba, ko ƙosai ba za a naɗe da shi ba. Na ce to ya gwada muryar tasa ba rubutun. Rabi na biyu yana cikin jakata, na gama shi tun daren jiya. Na fita da shi.

Kwana uku ba mu yi magana ba. Na san halin da yake ciki: a sana'arsu wanda ya fara fitarwa shi ke cin kasuwa, kuma an ce wani a Kano ya kusa gama nasa. Ya ba wani ɗalibi ya rubuta masa sauran, aka kawo masa Hausar da ko shi bai gane ba. Ni kuma ba na barcin kirki. Shekara takwas muna aiki tare, shi ya riƙe mu bayan Baba, ga shi a kan wata Baturiya da ba ta san muna duniya ba muna neman rabuwa. Amma duk sanda na ɗauko littafin zan aika masa sai in ji muryar kyanwar nan tana tambayar birki, in mayar da shi jaka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Umma ta kira mu gida mu biyu. Ta saurari Yaya har ya gama, da maganar Baba da komai. Ta saurare ni. Tana gyara zogale a tire, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai iya zamana da ubanku ban taɓa ganin ya tsayar da kaset ɗin nan a kan fuskar direba ba. Jirgin yake kallo."

Ni kuma, ban san daga ina maganar ta fito ba, na ce, "Zan ba ka littafin. Amma ita ni zan yi mata murya."

Yaya ya kalle ni kamar na ce zan hau acaɓa in yi haya. "Muryarki a wayar kowane ɗan tasha? Mijinki ya sani?"

Bai sani ba, sai da na koma gida na gaya masa. Ya daɗe yana juya makullin motarsa a hannu, sannan ya ce in dai ba za a ambaci sunana ba, kuma in har maganar ba ta batsa ba ce, shi ba ya ganin laifi. Ya ƙara da cewa ai shi kullum muryar yake ji kyauta, har ta yi masa yawa.

Ranar Lahadi da hantsi na shiga ɗakin katifu a matsayin mai magana karo na farko. Zafi kamar cikin tukunya, don ba a kunna fanka, ƙararta tana shiga sauti. Yaya yana zaune gaban kwamfuta ya ba ni baya, abin da yake ce mini bai wuce "fara" da "sake" ba. Na sake layin farko sau bakwai, a na takwas bai ce "sake" ba sai na wuce. Sau biyu aka ɗauke wuta, muka zauna a duhu muna jin janareton maƙwabta.

A kan gadar akwai wurin da matar ba ta cewa uffan kusan minti guda. Hannunta a kan ƙarfen tuƙi, katako yana ƙara a ƙarƙashin jirgi, yara a tarago sun yi tsit. Ban rubuta komai a wurin ba don babu abin rubutawa. Na kalli ƙeyar Yaya, na san irin wannan gurbin ne abincinsa. Haɗa sauti aikinsa ne shi kaɗai bayan na tafi. Zai iya barin muryata yadda take, ya zo nan ya zuba abin da zai rushe duk abin da na yi, kuma yanzu da muryata za a yi dariyar. Na so in roƙe shi. Girman kai ya hana ni, na ɗauki jakata na ce sai an jima.

Bai turo mini ba da ya gama. Ban tambaya ba.

Ranar Laraba ina dawowa daga makaranta na hango an fito da talabijin ƙofar shago, benci ya cika har wasu na tsaye. Na sauka daga keke napep nesa kaɗan na taka da ƙafa, na tsaya a baya cikin hijabina. Na ji muryata tana fitowa daga lasifika, ta yi mini kauri, kamar ta Umma. Mai gyaran babur yana tambaya wace ce wannan, a ina aka samo ta, tela ya ce masa ya yi shiru ana kallo. Barkwancin Yaya yana nan, ya samu wani soja mai tumbi ya tasa shi gaba, ana ta dariya. Maganar matar kuwa tawa ce, bai taɓa ko kalma ba.

Sai jirgin ya hau gada. Na damƙe hannun jakata ina jira. Katako ya fara ƙara. Matar ta riƙe ƙarfen, gumi yana bin tabon goshinta. Na ƙirga numfashina har goma, ban ji muryar Yaya ba. Mutanen benci suka fara motsi, ba su saba ba. Wani ya leƙa bayan talabijin yana taɓa waya.

"Maigida, sautinka ya ɗauke," in ji mai gyaran babur.

Yaya yana cikin shago yana tura wa wata mata fim, bai ko ɗago ba.

"Bai ɗauke ba," ya ce. "Ku bar ta ta yi tuƙinta."

Har yau yana nan a kan cewa tsohon ya fi, ni ma a wasu wuraren ba na musa masa. Ranar dai ban shiga shagon ba, don idona ya cika kuma ba na son 'yan benci su gani. Na tsaya har jirgin ya sauka daga gada, sannan na wuce gida na ɗora tukunya.