Karen da Ya Zauna a Ƙofar Ɗakin Baffa

Da ƙarfe huɗu na wata Alhamis, mutane suna dawowa daga sallar la'asar, karen ya zauna a ƙofar ɗakin kayan Baffa, ya ƙi tashi.

Yayana ne ya kawo shi. Sun daɗe suna aiki tare a filin jirgin sama, karen yana shinshina jakunkunan matafiya don gano miyagun ƙwayoyi. Da aka sallami karen daga aiki, Yaya ya kasa rabuwa da shi. Gidanmu a unguwar Kusfa yake, gidan malamai, kuma ba a taɓa ajiye kare a lungunmu ba. Inna ta rantse ba zai taka mata tsakar gida ba. Aka daidaita a kan a ajiye shi a kangon da ke bayan gidanmu, aka ɗora mini kula da shi, tunda ni ce mai karatun likitan dabbobi.

Kafin Yaya ya koma bakin aiki ya koya mini halinsa. In ya ji warin abin da aka horar da shi a kai, ba ya haushi. Zama kawai yake yi, ya kafe wurin da ido. Ni kaɗai na san haka a gidan.

Ɗakin kayan yana jikin kangon. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, kuma a makon ne ya shigo da wasu kwalaye. Da ya ga karen a zaune sai ya yi dariya, ya ce ko masu ɗaukar karatu a zaure ba su kai shi ladabi ba. Na yi murmushi, na ja karen da igiyarsa muka bar wurin.

Duk sanda na kwance shi, can yake nufa. Na daina kwance shi, ya fara barin abinci. Na koma karatu a kangon, littafi buɗe a cinyata, shafin ba ya motsi. Na kasa gaya wa Inna. Baffa kuwa tun ina ƙarama ban iya haɗa ido da shi ba. Na riƙa ce wa kaina wataƙila maganin asibiti ne, wataƙila tsufa ne ya ruɗa karen.

A ƙarshe na kira Yaya. Na yi ta kewaye, na tambayi allurar karen, na tambayi abincinsa, sannan na ce ko hancin irinsu yakan yi kuskure in sun tsufa.

Sai ya tare ni da tambaya.

"A ina ya zauna?"

Na faɗa masa.

"Ƙafarsa ce ta gaza, ƙanwata. Hancinsa lafiya lau yake. Kada ki ce wa kowa komai, gobe ina hanya."