Turken Rijiyarmu da Kafaɗar Baffa Sani

Ranar wata Laraba ce a bazarar da ta biyo bayan Taron Ƙasa, lokacin da tutocin jam'iyyu suka fara bayyana a kan itatuwan ƙauyenmu da ke kusa da Gangara. Lakol, makarantarmu ta boko, a rufe take, mushenmu, wato malaminmu, ya tafi Gazawa saboda yajin aiki. Ina tsaye a bakin babbar rijiya da hantsi, riƙe da akalar jan san gidanmu, ina kallon mahaifina yana ɗaura sabuwar igiya a ƙugunsa. Ban wuce shekara goma ba. Yashi ya cinye idon ruwa, kuma a duk ƙauyen shi ne mai shiga yasa. Har yau in na rufe ido ina ganin hularsa tana nutsewa cikin duhun ramin, ina jin sanyin da ya kama tafin ƙafata duk da zafin ƙasa.

Rijiyoyin ƙasarmu suna da zurfin da hannu kaɗai ba ya iya musu. Ana kafa gwafa biyu a baki, a gitta gungume, igiya ta bi ta kansa, a ɗaura wa sa ɗaya bakin. Yaro ko yarinya ya kora san ya miƙe cikin yashi har ya kai wani turke da aka kafa can nesa. In ka kai turke, guga ya iso baki ke nan, sai ka juyo da sa, igiya ta saki. Daga wurin ba ka ganin bakin rijiya sosai, ba ka kuma jin magana, turken ne idonka. Wannan aikin nawa ne tun ina ƙarama, tsakanin surfe da ɗebo kara, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda nake yi da wasan carafke.

Tsohuwar igiyarmu ta rama ce. Kakana ya zo da irin ramar daga wajen Katsina, doguwa mai jan kara, dabam da wadda ake shukawa don miya. A gefen gona ake zuba ta, a jiƙa ɓawon, maza su zauna gindin gawo suna tufka a cinya. Igiyar rama ba ta miƙewa. In ta gaji sai ta riƙa ƙara, zare yana tashi a jikinta, kowa ya gani. Baba yakan ce mana, "Ku riƙa sauraron igiya in akwai mutum a ƙasa." Amma a shekarar nan wasu masu neman ƙuri'a suka zo da mota, suka bar wa ƙauyen igiyar roba shuɗiya, santala, mai sheƙi. Aka auna ta da tsohuwar a ƙasa, gaba da gaba, aka yanke daidai. Babu wanda ya yi tunanin taɓa turke.

Maza suka zura Baba da hannu, aka shiga fitar da yashi. Na lura ƙanensa, Baffa Sani, yana ɗan ƙara jan kowane guga da hannu kafin ya kama shi, har yana yi wa sauran ba'a wai igiyar 'yan siyasa ce, tana alkawarin kawo kaya baki amma sai an taimaka mata. Aka yi dariya. Da rana ta take, Baba ya girgiza igiya alamar a fitar da shi. Baffa ya ɗaga mini hannu, na kora sa. Na ji nauyin ya bambanta, san yana nishi yana kafa ƙafa. Na kasa kunne kamar yadda aka koya mini, ban ji komai ba, igiyar nan shiru take. Na kai turke, na juyo da sa.

Abin da ban sani ba, nauyin mutum ya miƙar da robar. Baba yana reto wajen gaba biyu ƙasa da baki lokacin da igiya ta saki. Na ga ta zabura cikin yashi kamar maciji, na ji salatin mata. Baffa Sani ya faɗa kanta, ya naɗe ta a damtse, ta fizge shi har ƙirjinsa ya bugi gungume, amma bai saki ba. Ya ƙwala ihu har muryarsa ta iso inda nake: "Lantana, koma da shi gaba! Wuce turken!" Ban taɓa wuce turken nan ba a rayuwata. Na ja san muka shiga gonar mutane, ina tafiya ina kuka, ban san ko mahaifina nake ja ba ko gawarsa.

Baba ya fito da ƙujewa a gwiwa kawai. Baffa kuwa hannunsa na dama ya zube. Maɗori ya lalube shi ya ce ƙashi lafiya, naman kafaɗa ne aka ja fiye da ƙarfinsa har ya yage daga ciki. A likitar Gazawa ma haka suka ce, suka hana shi aiki har ya warke. Amma ruwa ya sauka, gona ba ta jira, ya ɗauki hauya da ɗanyen ciwo. Daga nan hannun bai ƙara wuce kafaɗa ba. Da hagu yake ɗora hula, kabbararsa ma a karkace take. Da yammar ranar Baba ya tumɓuke turken da kansa, aka mayar da igiyar roba ta ɗaurin kaya. Babu wanda ya tsawata mini. Baffa in ya gan ni sai ya ce ga direbarsa, ni kuwa in sunkuyar da kai in wuce, har ya bar duniya ban iya buɗe baki na gode masa ba.

Yanzu fanfo ne a wurin, hasken rana ke tura ruwa, jikokina suna murɗawa da yatsa biyu suna wasa da abin da ya zube. Ba na yi musu fatan tsoron da na ji. Sai dai babu mai shuka doguwar ramar nan, irin ya ɓace, hanyar da sa ke bi ta zama gidaje. In na je ɗiban ruwa nakan tsaya daidai inda turken yake, in yi wa Baffa addu'a, in ɗaga hannuwana sama sosai, har inda nasa ya daina kaiwa.