Guraben da Mushe Bai Cike Ba

Mashin ɗin rubutun da nake aiki da shi a kwalejin Tanut ba ya da alamomin lissafi. Haruffa da lambobi kawai ya sani. In ƙaramar lamba za ta hau kafaɗar harafi, sai in murza takardar da hannu rabin layi, in buga, in mayar. Sauran alamomin kuwa gurbi nake bar musu.

Malamin lissafi, wani dattijo da kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, shi ke zana su da tsinken ƙarfe a kan sitansil, takardar nan mai kaki da ake ɗaura wa injin kwafi. Littafin gwaji muke haɗa wa ƴan ajin ƙarshe masu shirin birebe, jarrabawar fita kwaleji, don littattafan makarantar ba su isa ba, yaran Belbeji da Tarka kuma ba su da mai sayo musu daga Damagaram. Mushe ba ya rubutawa tukuna. Daga ka yake faɗa, ina bugawa.

"Bar mini yatsa uku nan, ɗiyata, ƙugiya za ta zauna."

Haka yake kiran wata alama mai kama da ƙarfen ciro guga daga rijiya.

"Kin san abin da ke shiga ƙarƙashinta?"

"Mushe, ni dai faɗa mini yatsa nawa. Lissafin nan ne ya koro ni daga lise, ban ƙarasa sakandare ba."

"Ƙarya kike, ragwanci ne. Matso ki gani."

"Sai mun gama, Mushe."

Ya yi dariya, ya ce jakin mai ruwa ma ya fi ni son sani.

Mun gama buga kalmomin a tsakiyar bazara, lokacin da sanƙarau ya shigo gari. Ranar da ya zauna cike guraben ya ce kansa na sarawa. Bai kai ƙarshen shafin farko ba na ga tsinken ya kauce, ya keta takardar har ƙasa. Wuyansa ya sandare ta baya, idanunsa a kaina, bakinsa na motsi ba magana. Sai kujerar ta kife da shi. Har yau in wani abu ya faɗi a bayana, sai na waiwaya da sauri.

Aka tafi da shi asibitin Damagaram. Can ya cika.

Bayan sadakar bakwai direktan makarantar ya kira ni. "Madmazel, ke kika zauna da shi. Ki daure ki cike mana, yaran nan na jira."

Na shiga ɗakin aikinmu da mayafi a hanci, na buɗe tagogi duka. Na ɗauki shafi na biyu, na karanta layin farko: a nemo amsar, sai fili. Na san faɗin kowane gurbi, na ma tuna inda ya yi tari yana faɗa. Abin da zai zauna ciki ne ban sani ba. In kuwa na zana kuskure, injin zai raba shi hannun kowane yaro, su haddace shi da sunan Mushe. Na ɗauki tsinken, na mayar na ajiye.

Direkta ya ce a jira sabon malami. Ba a turo kowa ba. Zafi ya narkar da kakin, takardun suka manne da juna cikin kabad.

Ana saura kwanaki jarrabawa wata ɗaliba ƴar Ollelewa ta leƙo ta taga.

"Yaya, littafinmu ya fito?"

Na ce mata bai fito ba, ba kuma zai fito ba. Ta ce, "To, Allah ya ji ƙan Mushe," ta koma aji.