Ranar da Na Tarar da Akwatin a Buɗe

Ranar Juma'a Mai Kyau ta shekarar 1985, da hantsi, na ajiye bokitin ruwa a bakin rijiyar gidanmu na haya a Narayi, na sheƙa coci ko takalmi babu. Shekarata tara. Baba yana kwance tun farkon azumin kafin Ista, tarin da ya kwaso a masaƙar Kakuri ya mai da shi kamar kara. A safiyar nan na ga Mama ta ɓoye wani tsumma mai jini a ƙarƙashin tabarma.

Ni kuwa na san inda zan kai kuka. Malam Bitrus, katikis ɗinmu, wato malamin addini, mai bulalar dalbejiya, ya sha nuna mana ɗan akwatin da ke bayan bagade, inda ake ajiye gurasar da aka tsarkake, Jikin Yesu. Yakan ce, "Ba hoto ba ne, ba tuni ba ne. Shi ne da kansa a ciki." Saboda maganar nan ko 'yar carafke ba ma yi a barandar coci.

Na shiga na tarar da akwatin a buɗe, wayam, an yaye mayafin bagade, an kashe fitilar da ba a taɓa kashewa. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka ake yi kowace shekara don tuna mutuwar Yesu. Abin da na fahimta kawai shi ne ya tafi, kuma ranar da nake nemansa ya zaɓa. Na durƙusa ina kuka, ina maimaita magana ɗaya: ka dawo, don Allah ka dawo.

Da na isa gida na ga babur ɗin Fada, limamin cocinmu, a ƙofa. Maman Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da garin rogo, ta damƙe hannuna ta ce, "Ina kin tafi? Shiga, kneel down, Yesu yana ɗakinku." Fada ya ciro Jikin Yesu daga ɗan gwangwanin da ya rataya a wuya, ya sa wa Baba a harshe. Murna ta kusa kashe ni, na ɗauka shi ke nan, Baba ya warke. Ranar Litinin bayan Ista muka binne shi.

Yanzu Narayi ta cika da benaye, an daɗe da rufe rijiyar nan, ni ce kuma nake koyar da yara katikisim ranar Asabar. Ina gaya musu shi ne da kansa a ciki, kuma na gaskata. Amma har yau gabana yana faɗuwa idan yaro ya ɗaga hannu, kada ya tambaye ni abin da Yesu yake yi idan ya shiga ɗakin mara lafiya. Ni dai na roƙa ya dawo, ya kuma dawo. Ban tuna na ce ya bar mini Baba ba.