Wayar da Baba Maigadi Ya Ɗauka

Ranar Litinin ce, ƙarfe tara da kwata na safe, a ofishin manajan kamfanin robobin da nake aiki a Sharaɗa. Mu uku ne a ciki: manaja, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Baba maigadi, dattijo daga wajen Maraɗi da ya daɗe a ƙofar kamfanin tun kafin zuwan manajan, sai ni, sakatariya, da aka kira in yi tafinta saboda na taɓa fassara labarai a gidan rediyo.

A shekarar, kowane kamfani intanet ta ƙarƙashin ƙasa yake so. An tone gefen titunan Sharaɗa, an tone Challawa da Bompai, tireloli na kauce wa ramuka, 'yan adaidaita na zagi. Masu sa kayan ko zama ba sa yi. Su kafa akwati mai fitilu a wannan ofis, kafin azahar sun wuce na gaba. Namu sun gama ranar Alhamis, suka bar ragowar naɗin kebul a filin kamfani, katakonsa ya kai ƙirjin mutum. Litinin da safe babu shi.

Manaja ya ce in tambayi Baba ko ya ga kebul ɗin. A rediyo an hore mu kada mu ari kalma muddin muna da tamu. Shugaban sashenmu da jan biro yake bin aron banza. Saboda haka ban ce kebul ba, kalmar da kowane lebura a Sharaɗa yake faɗa. Na gyara murya na ce:

"Baba, wai kun ga wayar da masu aikin intanet suka bari?"

"Na gani mana, 'yata. Ai ni na ɗauke ta."

"Kuka kai ta ina?"

"Na ba wani ɗan adaidaita da na sani, ranar Juma'a, ya tafi da ita Bompai."

Na mayar wa manaja da maganar ba ragi ba ƙari. Bai sake tambayar komai ba. Ya faɗa, na buga, ya sa hannu: an sallami maigadi, ya amsa laifinsa da bakinsa. Na tura takardar zuwa babban ofis a Legas da kamfanin da ke ba mu masu gadi, ta sabon layin intanet ɗin nan. Baba na tsaye yana murmushi, yana jiran a yi masa godiya.

A bakin ƙofa na gaya masa an sallame shi saboda wayar da ya ɗauka. Ya dube ni kamar na zautu.

"A kan wannan 'yar rakani-kashin? Fuskarta ma a fashe take! Mai ita, wani cikin masu aikin, ya manta da ita tana caji a ɗakina, ya kira ta wayar abokinsa, ya ce a aika masa."

Sai a lokacin na gane wayar hannu yake nufi. Na ce, "Baba, kebul ɗin fa?"

"Au, kebul kike nufi? To ki ce kebul mana! Masu shi suka zo da a-kori-kura ranar Asabar suka loda, wai ana jiransa a Challawa. Ga shi nan na rubuta."

Ya buɗe littafin ƙofa. Rana, lokaci, lambar mota, duk suna nan da ajami, rubutu mai tsabta da babu wanda ya taɓa dubawa a ofis.

Na koma da littafin da gudu. Manaja ya saurara, sannan ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce harshen da ke kiran abin aljihu da abin da sai ƙarti huɗu sun ɗaga da suna ɗaya, dole ya jawo wa masu shi. Na ce a janye takardar. Ya nuna mini kwamfuta: Legas sun amsa, kamfanin gadi ya ce sabon mutum na hanya. Minti ashirin ba a yi ba. Janyewa na nufin ya rubuta wa iyayen gidansa cewa ya yi kuskure, shi kuwa a makon ya gama yi musu alfahari da sabon layi. Na ce to ni zan rubuta, kuskuren nawa ne. Ya ce takardar sakatariya ba ta fita sai da sa hannunsa.

Har yau idan na tuna dariyar nan raina ɓaci yake. Tambaya ɗaya ta isa: ta yaya dattijo zai cusa wannan katako a adaidaita? Manaja bai yi ta ba, domin tun kafin Baba ya shigo ya riga ya yanke cewa maigadi ɓarawo ne. Ni ma ban yi ta ba, ina can ina jin daɗin Hausata. A da, irin wannan takarda sai ta kwana a tire tana jiran masinja, kafin nan wani ya yi tambaya, zuciya ta huce. Sauri aka sayar mana, kuma abin da muka fara aikawa da shi ke nan.

Baba ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da 'yar rediyonsa. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma 'yata, rediyo ta ɓata miki Hausa. Gobe in kin ga kebul, ki kira shi da sunan da yake amsawa."

Na rubuta wa kamfanin gadi sau uku da sunana, ban sami amsa ba. Ranar Laraba masu intanet suka tabbatar wa manaja cewa naɗin na wurinsu a Challawa. Sabon maigadi ya ci gaba da aiki. Baba ya nemi gadi a Dakata wata biyu bai samu ba, saboda takardar na cikin fayil ɗinsa. Da damina ta faɗi ya koma garinsu.