Baba Direba da Tutar da Ya Bari a Rufe

Kafin a buɗe ƙofar ofishin jakadancinmu, Baba Direba ya riga ya wanke motar, ya goge gilasai, ya duba mai da ruwa. Abu na ƙarshe shi ne 'yar tutar da ke gaban motar. Ƙa'idar aikin ita ce, in jakada yana ciki a buɗe ta, in ba ya ciki a sa mata rigarta. Shekara da shekaru bai taɓa kuskure wannan ba. A watan nan ya ajiye makulli, ya yi ritaya.

Jakadu da yawa ya tuƙa. Wasu sun san aiki, wasu kuwa abin da suka sani kawai shi ne wanda ya turo su. Na ƙarshen nan ladan yaƙin neman zaɓe aka ba shi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

A zamaninsa ne aka yi kamen baƙi, aka haɗa da wani ɗan ƙasarmu mai walda, alhali takardunsa lafiya lau. Sakinsa na jiran sa hannun ministan cikin gida na ƙasar. Kullum matarsa tana kan bencin ofis, da goyo, ana ce mata ta dawo gobe.

Ana haka mahaifiyar ministan ta rasu. Jakadun ƙasashe duk suka tafi gaisuwa. Namu kuwa shugaban jam'iyyarsu ya zo daga gida ganin likita, yana can yana riƙe masa jaka, a motar haya don kada 'yan jarida su gani.

"Ranka ya daɗe, gidan rasuwar fa?" in ji Baba Direba, da ya ga jakada zai fita.

"Haba Baba, ministan nan ne ya naɗa ni?"

Baba ya juya. Ya ɗauki motar ofis, tuta a rufe, ya je gidan rasuwar ya tsaya a ƙarshen layin motoci, ya zauna cikin direbobi. Da ministan ya fito rakiyar baƙi, ya hango mota ɗaya tak da tuta a rufe, ya sa aka kira mai ita.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Na ji ka yi rashin uwa, na zo."

Bai ɗauko maganar mai walda ba, don ba wurinta ba ne. Direban ministan, wanda suka daɗe suna shan rana tare a bakin ƙofofin taro, shi ya kai zancen daga baya. Ba a daɗe ba aka saki mutumin. Jakada ya yi jawabi a kan nasarar da ya samu, sannan ya yi wa Baba faɗan fita da mota ba izini.

Baba, kai ne da ikon zare rigar tutar nan ka rufa wa maigidanka asiri da ƙarya, ka ƙi. Kai ne ka je da fuskarka kaɗai, ta kuma isa. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu naɗa jakadu da masu karɓar naɗin, ga abin koyi a gidan gaba na motarku.

Ranar aikinsa ta ƙarshe, ya iso da bokitinsa ya tarar an riga shi. Mai walda ne ke goge gilashi, matarsa na miƙa masa ruwa.

"Zauna, Baba," ya ce. "Yau ni ne."