Yara uku a katin direba

Yanzu ba a barin ɗalibi ya shiga gidan mutane da takardar tambayoyi sai an koya masa sakaya suna. A zamaninmu muna rubuta sunan mai gida har da lambar ƙofarsa, muna ganin aiki mai tsabta ke nan.

Ina koyar da darasin zaman iyali da tarbiyyar yara a jami'a lokacin da farashin uraniyom ya faɗi, fari kuma ya share dabbobin Abzin. Na kai ɗalibaina Arlit ta ƙasar Nijar, unguwar da kamfanin haƙar uraniyom ya gina wa ma'aikata. Kowane ma'aikaci yana da kati mai sunayen ƴaƴansa. Da shi ake ganin likita, da shi ake karɓar hatsi a kantin kamfani.

Wani direban kamyo, wato babbar motar kamfani, ɗan Damagaram ne ya sauke ni. Yara bakwai ke zagaye da tiren abinci a gidansa. Takardarmu tana tambayar wanda ya haifi kowane yaro, matarsa kuwa ba ta ɓoye ba: huɗu nata ne, uku na wata makiyayiya ce daga Gugaram, wadda raƙumanta suka mutu, mijinta kuma ba a ji ɗuriyarsa ba tun tashin tawaye. Direban ya sa su a katinsa. Na ga riƙon yara a Kano da Dakar, amma ban taɓa ganin irin wannan ba, har murna na yi na samu misali. Da za mu tafi, don nuna godiya, na bar wa biro, wato ofishin ma'aikata, kwafin rahotonmu.

Bayan watanni na dawo cikin ayarin motocin da soja ke rakiya. Yara huɗu na tarar a kan tire.

"Ina sauran?"

"Malam, kai ke tambaya?" in ji matar. "Ana rage ma'aikata, ana neman dalili, sai ga littafinka da lambar ƙofarmu. Suka ce ko a goge ukun, ko ya ba da makullin gida."

"Ke dai zuba masa shayi," in ji direban. "Mai karatu ne, ina zai sani."

Na bar kofin, na fita neman yaran.

Na samu uwar yaran a bukkokin bayan gari, ƙaramin yana kwance yana tari. Na gaishe ta da Tamajak, harshensu na Buzaye, ta amsa da ƴar Hausarta, kamar ba ta yarda in shiga harshenta ba.

"Kai ya rubuta? Ba ka yi ƙarya ba. Ni ya haife su."

Na je biro na yi roƙo da Faransanci mai kyau. Akawun ya buɗe shafin rahoton, ya nuna mini sa hannuna.

Yaran ba su sake shiga katin kowa ba. Ni ma ban ƙara kai ɗalibai Arlit ba, domin babu gidan da zai amsa mana sallama a unguwar.